Gidan Soro a Daura a Ƙarshen Zamanin Sarauniya Biktoriya

Sarauniya Biktoriya ta hau gadon sarautar Ingila cikin 1837, ta rasu ran 22 ga Janairu, 1901. Shekarun nan 63 da 'yan watanni da ta yi bisa gado su ne Ingilishi su ke kira zamanin Biktoriya, har gidajen da aka gina cikinsu ma da sunanta a ke kiransu. Waɗanda aka yi cikin shekaru 30 na ƙarshe, watau daga wajen 1870 zuwa rasuwarta, suna da yawa ƙwarai, har yau kuwa jama'a na zaune cikinsu a Landan da sauran manyan biranen ƙasar.

Cikin waɗannan shekaru mutanen Daura ba su san Ingila ba, sai ɗan labarin Nasara da a kan ji a bakin fatake da mahajjata. Sarauniyar ta shekara biyu a kabari kafin Turawa su ci Kano cikin 1903. Amma a lokacin nan a Daura ma ana gini, akwai gwanayen magina, akwai kuma masu halin sa su aiki. In aka ɗauki gidan wani babban mutum na Daura na wajen 1890, aka gwada shi da gidan wani mai hali na Landan na wannan shekara, sai a ga abin mamaki. A ido ba su yi kama ba ko kaɗan, amma bukatar da aka gina su dominta kusan ɗaya ce, abin da ya riƙe su kuma ɗaya ne, watau yawan hannuwan da ke yi musu hidima. Bambancinsu bai fito sosai ba sai ran da hannuwan nan suka janye.

Daura Uku

Birnin Daura yana kamar mil 50 gabas da Katsina, mil 70 da ɗoriya arewa da Kano. Kowa ya san darajarsa wajen Hausawa, saboda rijiyar Kusugu da labarin Bayajida da asalin Hausa Bakwai. Amma cikin ƙarni na 19 ƙasar ba a haɗe ta ke ba. Wajen 1805 Malam Isiyaku, mai tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kewaye birnin ya ci shi, Sarki Abdu, wanda a ke kira Sarkin Gwari, ya fita da jama'arsa. Daga baya zuriyar tsofaffin sarakunan suka kafa Zango cikin 1825, wani reshe kuma ya zauna Baure. Daura ta zama uku ke nan: ta Filani mai bin Sakkwato, da Zango, da Baure. Biyun nan na ƙarshe inuwar Damagaram ce ta rufe su, balle a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye birninsa da ganuwa, ya tara bindigogi, ya rasu cikin 1884.

Wannan hali ya shafi gini. Ƙasar da ke bakin iyaka, ana kai hari ana ramawa, dole mutanenta su tattaru cikin ganuwa ko kafi, gida ya jingina da gida. Yawancin talakawa ɗakunan kago su ke yi, na laka da jinka, su kewaye da dangar kara ko zana. Irin wannan gida ba shi da wuyar yi, amma abincin wuta ne, gama da hunturu, in iska na kaɗawa, gobara ɗaya ta kan cinye unguwa kafin a ɗebo ruwa. Soro kuwa, mai bangon ƙasa da rufin ƙasa, wuta ba ta cinsa. Don haka sarki da hakimai da alkali da liman da attajirai su ke gina shi, su ajiye tufafi da littattafai da kuɗin wuri da kayan fatauci. Soro ma'aji ne, shaida ce kuma ta cewa mai gidan ya kai wani matsayi.

Tsarin Gidan

Wanda ya biyo ta rariya ba abin da zai gani sai doguwar katanga da zaure. Zauren nan shi ne fuskar gida. Nan mai gida ya ke zama ya karɓi gaisuwa, nan ya ke cin tuwon dare da maƙwabta, nan almajirai su ke karatu in shi malami ne, nan a ke ɗaurin aure da raɗin suna da zaman makoki. Ƙofar da a ke shiga da wadda a ke fita zuwa ciki ba a sa su su dubi juna, domin kada idon mai wucewa ya zarce.

Bayan zaure akwai fili, shi a ke kira ƙofar gida. Nan ɗakunan samari da na baƙi su ke, da turken doki. Daga nan sai shigifa, wadda ba mai kaiwa gare ta sai ɗan'uwa ko amini. Bayan shigifa ne cikin gida ya fara, inda baƙo namiji ba ya shiga. Kowace mace da ɗakinta, mai gida da turakarsa, ga madafa, ga rumbuna, ga rijiya in an yi sa'ar ruwa, ga makewayi can kusurwa. Babban mutum ya kan jera zaure biyu ko uku, kowane da filinsa, har ya zamana iyakar inda aka tsai da baƙo ita ce ma'aunin darajarsa a gidan. Gidan sarki ma wannan tsari ya bi, sai dai an faɗaɗa shi, an riɓa zaurukansa, ƙofarsa kuma tana duban dandali.

Gidan nan ba a gama shi rana ɗaya, ba a kuwa taɓa cewa an gama shi. In ɗa ya yi aure sai a yanka masa sashe, a ta da ɗaki. In tsohuwa ta rasu, ko aka raba gado, sai a bar wani ɗakin ya zube, a kwashe ƙasarsa a yi wani da ita. Gida yana girma yana raguwa tare da mutanensa.

Ko da ya ke ba takardar izni da a ke karɓa kafin a yi gini, ba a ce ba doka ba. Fiƙihun Malikiyya, wanda alkalai su ke hukunci da shi, ya hana mutum ya cuci maƙwabcinsa da gini. Ba ya buɗe taga ta leƙa tsakar gidan wani, ba ya sa indararo ya zuba ruwa bisa bangon wani, ba ya cin hanya har ta matse masu wucewa. Magina kuma sana'a ce ta gado, suna da shugaba, Sarkin Magina, wanda ke tara su in aikin fada ya taso.

Ƙasa da Giginya

Kusan duk abin da aka gina gidan da shi, daga bakin gari aka samo shi. Ana fara aiki bayan kaka, sa'ad da ruwa ya ɗauke, hannuwa suka huta da gona. A haƙo ƙasa daga kududdufi, a zuba mata ruwa, a tattaka, a bar ta ta kwana biyu ta jiƙu, a zuba yankakkiyar ciyawa da kashin doki ko na jaki, a sake cuɗawa. Sa'an nan a cura tubali da hannu, gindinsa da faɗi, kansa da tsini, a shanya shi a rana kamar mako biyu. Bayan an haƙa harsashi, sai a jera tubala kansu na duban sama, a cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. In bango ya yi tsawo magini ya kan hau ya zauna bisansa kamar mai hawan doki, yaro na ƙasa yana jefo masa tubali yana cafewa. Ba a gaggawa, sai jeri ya sha iska a ke aza masa wani. Bangon babban zaure ya kan kai kaurin ƙafa 3 ko 4 a gindi, yana tafiya yana sirancewa har sama.

Rufi shi ne inda a ke gane gwani. Ƙasar Daura ba ta da manyan itatuwan katako, abin dogara shi ne azara, wadda a ke tsagawa daga giginya. Azara tana da ƙarfi, gara kuma ba ta cika cinta ba, amma tana da iyaka: in aka shimfiɗa ta aka aza mata nauyin ƙasa, ba ta jure faɗin da ya wuce kamar ƙafa 6. Wannan shi ne ƙullin da magina suka yi ta neman kwancewa. In ɗaki ƙarami ne, sai a gitta azara a kusurwoyi huɗu, a rage faɗin, a sake gittawa bisa waɗannan, har ramin ya rufe. In ya fi haka girma, sai a kafa ginshiƙi a tsakiya. Amma babban mutum ba ya son ginshiƙi ya tsaya tsakaninsa da masu gaishe shi, saboda haka aka ƙago bakan gizo.

Ga yadda a ke yinsa. Tun bango bai kai ƙarshe ba a ke dasa azara cikinsa, kanta ya karkato ciki kaɗan. A ɗaure ta da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe. Sa'an nan a aza wata bisanta, ta zarce ta farko, ta fi ta karkata. Haka a ke yi daga wannan bango da wancan, gaɓa bayan gaɓa, har ƙafafun nan biyu su haɗu a sama, a ɗaure su da azara a kwance. Ba a kafa wani katako a ƙasa don ya tallafe shi kamar yadda maginan Turai su ke yi wa bakan dutse, shi ke ɗauke da kansa tun yana tashi. In aka gitta baka biyu, sai a ce ɗaurin guga, domin ya yi kama da itatuwan da a ke gittawa a bakin guga. In aka ƙara yawansu, sai rufin ya rarrabu gida gida, kowane bai wuce abin da azara za ta iya ba. Da wannan dabara a kan rufe zaure mai faɗin ƙafa 20 ko fiye ba ginshiƙi ko ɗaya, daga waje kuma a ga rufin ya yi tulluwa, ruwa na gangarewa.

Wannan ilmi ya kai matuƙa tun farkon zamanin Biktoriya. Babban Gwani na Zariya ya gina Masallacin Juma'a na birnin a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Gidan Madakin Bauchi da ke Kafin Madaki, wanda aka gina cikin 1860, shi ma da Babban Gwani a ke danganta shi. Magina kuwa matafiya ne, sarakuna suna aron gwanayen juna, saboda haka dabara ɗaya ce ta game biranen Hausa, daga Zazzau har Damagaram.

In an gama jera azara, sai a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a daɓe. A ta da ɗan bango a kewaye rufin, a fid da zankwaye a kusurwoyi da bisa ƙofa, a sa indararo mai tsawo don ruwa ya faɗi nesa da gindin bango. Saura abin da zai kare ƙasa daga ruwa. A nan ne sana'o'in gari su ke taimakon juna. Daga marina a ke samo katsi, watau abin da ya kwanta a gindin karofi. Daga majema a ke samo gashin da aka kankare daga fata. A haɗa su da ruwan dafara, su zama laso, a shafe rufi da shi. Daga ɓawon ɗorawa kuma a ke samun makuba, wadda a ke yaɓe bango da ita, a ke kuma daɓen ɗaki. Adon gidan yawanci daga ciki ya ke, a jikin bakuna da kewayen ƙofa, a shafa farar ƙasa. Daga waje bango a sake ya ke, sai sawun yatsun mai yaɓe.

Bango mai kauri ya kan sha zafin rana a hankali, ya sake shi da dare. Don haka soro ke da sanyi da tsakar rana, ya yi ɗumi da asubar hunturu. Amma ba a ɓoye aibinsa. Tagoginsa ƙanana ne, cikinsa duhu. Da bazara, in bango ya ƙoshi da zafi, sai a fita tsakar gida a kwana. Kududdufin da aka haƙa ya kan cika da ruwa ya tara sauro. Babban aibinsa kuwa shi ne ba ya jure sakaci. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka dole a hau a duba rufi, a toshe tsaga, a share indararo, bayan 'yan shekaru kuma a sake laso da yaɓe. In aka yi damina biyu ko uku ba a yi haka ba, ruwa ya shiga ya sami azara, sai wata rana cikin marka rufin ya rufto. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu yin wannan aiki a gidan babban mutum kuwa su ne bayinsa da barorinsa da talakawan da a ke kira gayya.

Gidan Landan

To, a wancan gefe, mutanen Ingila da Wels sun tashi daga wajen miliyan 18 cikin 1851 zuwa miliyan 32 da rabi cikin 1901, yawancin ƙarin kuwa a birane ya zauna. Kayan gini suka yi araha. An soke harajin gilashi cikin 1845, na bulo cikin 1850, na taga cikin 1851. Jirgin ƙasa ya riƙa kawo gasasshen bulo daga masana'anta, da fallayen dutse na rufi daga duwatsun Wels. Annobar kwalara kuma ta koya wa hukuma hankali, har aka yi Dokar Lafiyar Jama'a cikin 1875, wadda ta ba hukumomin gari ikon tilasta wa mai gini ya yi magudanar ruwa da makewayi, ya bar fili a bayan gida. Ƙa'idodin da suka biyo baya cikin 1877 sun sa faɗin sabon titi ya kai ƙafa 36.

Daga nan aka sami gidan da aka sani da na ƙarshen zamanin Biktoriya. Gidaje ne a jere, bango ɗaya ya raba kowane biyu, fuskarsu ƙunci, tsawonsu ya yi baya, hawa biyu ko uku. Rufinsu a tsaye ya ke ƙwarai don ruwa da ƙanƙara su zube. A gaba akwai babbar taga da ta turo waje don ta kamo haske, gama rana abar nema ce a can. Kowane ɗaki da murhunsa na gawayin ƙasa da bututun hayaƙi. Da fitilar gas a ke gani, lantarki bai fara shiga gidajen masu arziki ba sai daga 1880.

In an shiga, sai a tarar da siririn lungu. Ɗakin farko shi ne falo, inda a ke ajiye kujeru mafiya kyau da agogo da hotuna. Ba a cika zamansa ba sai an yi baƙo, ko ran Lahadi, ko in an yi mutuwa a ajiye gawa. Bayansa ɗakin cin abinci, can ƙurya ko ƙarƙashin ƙasa sai madafa da wurin wanki. Ɗakunan kwana suna sama, baƙo ba ya hawa. Baranya tana kwana can ƙarƙashin rufi, a manyan gidaje ma matakalarta dabam, ƙofarta dabam. Ƙidayar 1891 ta nuna mata fiye da miliyan ɗaya suna aikin barance a Ingila da Wels. Su ke hawa da gawayi da ruwan zafi, su ke kwashe toka, su ke goge baƙin hayaƙi.

Mai lura zai ga falo ɗan'uwan zaure ne. Duka biyu an yi su don a tsai da baƙo a wurin da aka ƙawata, a kare iyali daga idonsa. Bahaushe ya jera matakan nan a kwance, daga zaure zuwa shigifa zuwa cikin gida, domin yana da fili, yana kuma neman inuwa. Baturen Ingila ya jera su a tsaye, daga falo zuwa bene, domin fili ya yi tsada, yana kuma neman ɗumi. Kowane ya amsa wa ƙasarsa.

Inda Suka Haɗu

Gidan Ingila ya iso bakin teku tun da wuri. Cikin 1884 aka sassaƙa wani gidan katako a Birtaniya, aka ɗauko shi gunduwa gunduwa cikin jirgin ruwa, aka harhaɗa shi a Kalaba don wakilin Sarauniya. Yana nan har yanzu, an mai da shi gidan tarihi. Amma Arewa ta yi nisa da teku, kafin jirgin ƙasa kuwa kome sai a ka ko bisa jaki. Saboda haka Turawan farko hannun maginan Hausa suka koma. Hans Fisha, wanda a ke kira Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano cikin 1909, gidan ƙasa ya zauna, shi ne Gidan Ɗan Hausa. Kwalejin Katsina da aka buɗe cikin 1922 ita ma da ƙasa da azara aka gina ta. Abin da Turawa suka ƙara shi ne manyan tagogi da baranda da ɗakuna masu buɗewa cikin juna.

A Daura, cikin 1904 Turawa suka naɗa Malam Musa, na gidan Zango, suka mai da sarauta ga tsohuwar zuriya bayan shekara kusan ɗari. Ɗansa Abdurrahman ya gaje shi cikin 1911, ya yi sarauta har 1966. Cikin shekarun nan 55 ne al'amarin gini ya juya. Hari ya ƙare, ganuwa ta rasa aiki, mutane suka bazu. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka shiga hannun waɗanda da ba su da su. Da fari ma wannan ƙara wa soro kasuwa ya yi, gama mai ɗan hali ya samu ya gina abin da da sai hakimi. Adon fuskar zaure mai yawa, wanda wasu ke zato tun kaka da kakanni ya ke, a wannan lokaci ne ya bunƙasa, har a Zariya da Kano aka riƙa zana keke da agogo da jirgin sama a jikin bango.

Amma a ƙarƙashin wannan ado tushen yana zaizayewa. Dokar Turawa ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu, 1901, ɗa ne, ba bawa ba, cikin 1936 kuma aka soke bauta ɗungum. Wannan alheri ne babba, ba mai musu. Sai dai aikin da da a ke yi wa babban gida ba lada, yanzu sai an biya. Giginya ta ragu, azara ta yi tsada. Marina da majema suka ja baya, katsi ya yi wuya. A gefe guda kuma ga kwano da siminti sun zo, mai gida ya ga in ya rufa kwano ya huta da hawan rufi kowace bazara. Ba wauta ya yi ba, lissafi ya yi.

Harshen Hausa kansa ya riƙe shaidar wannan canji. Falo da kicin da baranda da silin da bulo da siminti duk baƙin kalmomi ne, ta bakin Turawa suka shigo tare da abubuwan da su ke nufi. Amma abin da aka aro rabi ne. Gidan Landan an yi shi don ya kamo rana ya riƙe ɗumi. Da aka kawo siririn bango da babbar taga da rufin ƙarfe ƙasar da rana ke dukan mutum wata takwas, sai ɗaki ya zama tanda, ba ya zaunuwa sai da fanka, fanka kuwa sai da wuta. Waɗansu suka yaɓa siminti bisa tsohon bangon ƙasa don su tsirar da shi, sai damshi ya maƙale a ciki, simintin ya ɓamɓare ya faɗo da naman bangon.

Abin da Ya Rage

Gidan Biktoriya ma ya ga tasa jarrabawar. Bayan yaƙin 1914 barori suka tafi masana'antu da ofisoshi, manyan gidaje suka fi ƙarfin masu su, aka yayyanka su ana haya. An yi lokacin da Ingilishi su ke ganinsu munana, aka rushe da yawa. Amma gasasshen bulo yana jira. Ko an yi shekara 30 ba a kula da shi ba, bangon na tsaye. Da ra'ayi ya juyo, aka yi dokar rajistar tsofaffin gine-gine cikin 1947, aka kafa ƙungiyar kare ginin zamanin Biktoriya cikin 1958, sai aka tarar da abin da za a kare yana nan.

A Nijeriya ma an yi doka. Cikin 1953 aka kafa dokar kayan tarihi, cikin 1956 aka sa gidan Kafin Madaki ƙarƙashinta. Wani masanin gini mutumin Folan, Dimokoski, ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiya yana zanawa, ya kuma sa aka gina kwatancin Masallacin Zariya da na waɗansu gine-gine a gidan tarihi na Jos, kafin ya rasu cikin 1982. Wannan aiki ne mai amfani. Amma soro ba ya jira kamar bulo. Takardar hukuma ta kan hana a rushe gida, ba ta kuwa hana ruwan Agusta shiga tsaga. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Saboda haka abin da ya kamata a tsare a Daura ba bango kaɗai ba ne, mutumin da ya san yadda a ke ta da shi ne. Ilmin ɗaurin guga da haɗin laso ba a littafi aka gaje shi ba, ɗa ne ya ke koya yana miƙa wa ubansa tubali. In aka yi tsara ɗaya ba a ɗaura baka ba, ilmin ya tafi, ko da zanensa na cikin takarda. Hanyar riƙe shi kuwa ita ce a ba magina aiki: a ware kuɗin yaɓe da laso kowace shekara don tsofaffin zaurukan da suka rage, a dasa giginya, a sa 'yan makarantar koyon gini su zauna gaban tsofaffin gwanaye tun suna da rai, masu hali kuma in za su yi sabon gida su bar wa zaure ɗaya bangon ƙasa da bakan gizo. Birnin da Hausawa su ke kira tushensu shi ya fi cancanta ya fara. Allah ya sa a farga tun azara ba ta karye ba.